Tsaunuka uku a awon gamma da ba su cikin jadawali: 511, 1592 da 2103 keV

Ɗalibar Masta (Barnawa) ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai. Ina neman a warware mini wani abu a sakamakon awon gamma, wato hasken da sinadarai masu ruɓewa ke fitarwa, inda kowane sinadari ke tayar da tsauni a nasa makamashin. Samfurin baƙin yashin nan ne da ake bari bayan an wanke kuza. An shanya shi, an niƙa, an tankaɗe, an rufe a roba na mako huɗu, sannan aka auna da ditektar jamaniyom a cikin garkuwar dalma.

Tsaunukan da ake sa ran gani duk sun fito: 238.6, 583.2, 911.2, 1460.8 da 2614.5 keV (ma'aunin makamashi ne, keV dubu shi ne MeV ɗaya). Amma akwai uku da suka tsaya mini a rai. Na 511 manhaja ta ce sodiyom-22 ne, na 1592 ta ce lantanom-140, na 2103 kuwa ba ta ba shi suna ba. An ce mini haihuwar tagwaye ce ta jawo su. Abin da na riƙe daga aji shi ne, foton, wato ƙwayar haske, da makamashinsa ya wuce 1.022 MeV zai iya rikiɗa ya zama tagwaye, ilektiron da kishiyarsa fozitiron. To ta yaya wannan zai tayar da tsauni a inda babu wani sinadari da ke fitar da gamma? In kuma haka ne, me ya sa ban ga irinsu ba da aka ɗora kobalt-60 wajen saita ma'auni, alhali shi ma ya wuce 1.022? Kuma me ya sa littattafai ke cewa sai a kusa da cibiyar zarra abin ke faruwa?

Mai Awon Gamma (Samaru) ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ƙanwata, samfurinki bai gurɓata ba, ditektar ma lafiyarta ƙalau. Ki cire 511 daga 2614.5, za ki sami 2103.5. Ki sake cire 511, za ki sami 1592.5. Duka biyun daga gamma ɗin taliyom-208 suka fito, wanda ke dab da ƙarshen jerin ruɓewar toriyom-232. Yashin kuza irin na Filato kan zo da monazait, dutse mai toriyom, shi ya sa suka fito miki ɓaro-ɓaro.

Ga yadda abin ke gudana a cikin ƙanƙarar jamaniyom ɗin. Foton mai 2614.5 keV ya shigo, ya gifta kusa da cibiyar wata zarra, ya ɓace, ilektiron da fozitiron suka bayyana. Ana cire 1022 keV domin gina jikinsu, 511 kowanne. Ragowar 1592.5 keV shi ne ƙarfin gudunsu. Ba lallai ne su raba shi daidai ba, wani lokaci ɗaya kan kwashe kusan duka, amma jimillar ba ta canzawa. Dukansu suna tsayawa cikin milimita ɗaya ko biyu, don haka 1592.5 ɗin nan ya shiga lissafin ditekta, babu makawa.

Da fozitiron ya rasa gudu sai ya haɗu da wani ilektiron na jamaniyom, su halaka juna, a sami foton biyu masu 511 keV kowanne, suna juya wa juna baya. Wato 1022 ɗin kamar jingina ce: an riƙe ta, yanzu an mayar, amma kashi biyu. Duk wannan bai ɗaukar nanosakan ɗaya, ita kuwa ditekta tana buƙatar ɗaruruwan nanosakan kafin ta tattara caji, saboda haka komai bugu ɗaya take ganinsa. Inda magana take shi ne, foton mai 511 keV yakan yi tafiyar santimita biyu da ɗan abu a jamaniyom kafin ya yi karo da wani abu, ƙanƙarar kuwa 'yan santimita ce gaba ɗayanta. In duka biyun suka mutu a ciki, bugun ya cika 2614.5. In ɗaya ya tsere, 2103.5. In biyun suka tsere, 1592.5. Shi ya sa ake kiransu tsaunin tserewar ɗaya da tsaunin tserewar biyu. A ƙaramar ditekta na tserewar biyu ne ya fi tsayi, a babba kuwa yakan kwanta, na tserewar ɗaya ya ɗara shi.

Sunayen da manhaja ta ba ki kuwa, ita ba ta san fiziks ba, lamba take dubawa ta haɗa da mafi kusa. Lantanom-140 yana da layi a 1596.2, kuma da alama tagar yarda ta manhajarku a buɗe take har keV huɗu ko biyar. Amma rabinsa kan ruɓe cikin awa 40. Samfurin da ya yi mako huɗu a rufe, ko da yana da shi da farko, yanzu babu abin da zai rage. Kuma lantanom-140 ba ya zuwa shi kaɗai, dole ki ga ɗan'uwansa mai ƙarfi a 487.0. Haka sodiyom-22, in babu 1274.5 to babu shi. Wannan ƙa'ida ce da nake so kowane ɗalibi ya riƙe: kada a karɓi sunan sinadari daga tsauni ɗaya matuƙar yana da wani layin da ya kamata a gani. Ki rage tagar zuwa keV ɗaya ko ɗaya da rabi, ki sake gudanar da binciken.

Akwai tarko na gaske a wurin, wanda ya fi lantanom. Aktiniyom-228, shi ma ɗan jerin toriyom, yana da layi a 1588.2, tazarar keV huɗu kacal daga 1592.5. Ki zuƙo wurin a allo, za ki ga kai biyu. Jamaniyom mai kyau, wadda faɗin tsauninta bai wuce keV biyu a 1332.5 ba, tana raba su. In manhaja ta haɗe su ta kira duka aktiniyom, adadin toriyom ɗinki zai kumbura. Masu amfani da ditektar sodiyom ayodaid ba za su ma ga rabuwar ba, domin faɗin tsauni a wurin ya kai gomman keV, duk ya narke a gefen tsaunin 1460.8 na fotasiyom-40.

In kina son hujjar da za ki nuna wa mai kula da aikinki, hanya biyu ce. Ta farko, ki auna faɗin tsaunukan. Ilektiron ɗin da fozitiron ke haɗuwa da shi ba a tsaye yake ba, don haka foton ɗaya kan ɗara 511 kaɗan, ɗayan ya gaza da daidai wannan adadin. Saboda haka tsaunin 511 da na 2103.5 sun fi maƙwabtansu faɗi, na 511 ma kusan ninki biyu. Na 1592.5 kuwa siriri ne, domin biyun sun fita tare, ƙari da ragi sun cinye juna. Ta biyu, ki ɗauki samfura uku masu bambancin toriyom, a roba iri ɗaya, ki raba ƙidayar 2103.5 da ta 2614.5. Amsar za ta zo kusan ɗaya a duka ukun. Sinadari mai zaman kansa ba zai bi taliyom sawu da ƙafa haka ba.

Kada ki sa tsaunukan tserewa a lissafin yawan sinadari, kuma kada ki ɗora musu lanƙwasar ingancin ditekta, domin foton ɗin da ya haife su ba mai 1592 ba ne. Toriyom a 911.2 na aktiniyom da 583.2 na taliyom ake lissafa shi, tare da tuna cewa kashi 36 cikin ɗari ne kawai na bismat-212 ke bi ta taliyom-208.

Ki duba waɗannan ma, suna iya ɓoye a sakamakonki. Bismat-214 na jerin yuraniyom, layinsa na 1764.5 yana haifar da 1253.5 da 742.5, na 2204 kuma yana haifar da 1693 da 1182. Wannan na ƙarshen ya kusanci 1173.2 na kobalt-60, kuma in ma'auni ya goce za a iya cewa akwai kobalt a ƙasar noma. Maganin ɗaya ne, a nemi 1332.5. Masu aiki da tukunyar nukiliyar bincike ta Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi a Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, sun san wannan sarai, domin yawancin samfuran da aka harba da niyutiron sukan fito da sodiyom-24, kuma layinsa na 2754 ba ya rabuwa da 2243 da 1732.

Malamin Fiziks (Unguwar Dosa) ya amsa:

Malam ya gama da ɓangaren ditekta. Bari in ɗauki sauran tambayoyin biyu, domin nan ne ɗalibai suka fi haddacewa ba tare da fahimta ba.

Batun cibiyar zarra, makamashi ba shi ne matsalar ba, momentom ne, wato ƙarfin tunkuɗar da abu mai gudu ke ɗauke da shi. Dokoki biyu ne dole su cika tare: jimillar makamashi kafin da bayan abin ta zama ɗaya, haka ma jimillar momentom. Malama, ki ɗauka kina gudu tare da tagwayen, a daidai saurin da zai sa ki ga ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma da ƙarfi ɗaya. A idonki jimillar momentom ɗinsu sifili ce. To foton ɗin da ya haife su shi ma dole ki gan shi da momentom sifili. Wannan ba zai yiwu ba, domin duk gudun da kika yi, a gudun haske za ki ga foton, kuma yana ɗauke da momentom. Ke nan foton shi kaɗai a sarari ba zai taɓa haihuwa ba, ko da makamashinsa ya kai nawa. Sai an sami na uku da zai karɓi rarar momentom ɗin, kuma cibiyar zarra ce ta fi dacewa. Tana da cajin lantarki mai ƙarfi da foton zai yi mu'amala da shi, tana kuma da nauyin da za ta sha tunkuɗar ba tare da ta kwashi makamashin a zo a gani ba.

Cikakken lissafin iyakar shi ne 1.022 MeV sau (1 + m/M), inda m nauyin ilektiron ne, M kuma nauyin wanda ya sha tunkuɗar. Cibiyar jamaniyom ta ninka ilektiron nauyi fiye da sau dubu 130, don haka ƙarin bai kai eV goma ba, ana watsar da shi. Amma in a kusa da wani ilektiron abin ya faru, m da M ɗaya ne, iyakar ta koma 2.044 MeV. A nan ilektiron ɗin da aka tunkuɗa shi ma yana fita a guje, sai a ga sawu uku, ilektiron biyu da fozitiron ɗaya. Yana faruwa, amma a abubuwa masu nauyi kamar dalma ba a ma lissafa shi.

Tambayar kobalt ita ce ta fi muhimmanci a ganina. Wuce 1.022 MeV izini ne kawai, ba ya nufin abin zai yawaita. A daidai iyakar yiwuwar sifili ce, kuma a hankali take hawa. Layukan kobalt-60 sun ɗara iyakar da 151 da 310 keV kacal. Ko a dalma, haihuwar tagwaye ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na karon da foton ɗin kobalt ke yi ba, yawanci warwatsuwar Compton ce, wato foton ya bugi ilektiron ya ba shi wani ɓangare na makamashinsa ya kauce. In kika bar kobalt a kan ditekta ya daɗe, za ki iya hango ɗan tudu a 310.5 ko 821.5, amma a awon minti goma na saita ma'auni ba za ki gani ba. Fotasiyom-40 ma haka, 949.8 da 438.8 raunana ne. Siziyom-137 mai 661.7 keV ba ya haihuwa sam. Iridiyom-192 da masu duba waldar bututun mai ke amfani da shi, manyan layukansa duk ƙasa da 0.7 MeV suke, don haka maganar tagwaye ba ta shafi hotonsu ba.

A ruwa, wanda shi ne ma'aunin naman jiki, cikin kowane karo ɗari haihuwar tagwaye tana da kusan 6 a 4 MeV, 23 a 10 MeV, sai a wajen 24 MeV take yin kunnen doki da Compton. A dalma kuwa tun a wajen 5 MeV take kamo shi. Bambancin daga cajin cibiya yake. Yiwuwar a kowace zarra tana bin Z sau Z, inda Z ita ce lambar cajin cibiyar. Dalma 82 ce, alminiyom 13, don haka zarrar dalma ta ninka ta alminiyom kusan sau 40. A kula, a kowace zarra ne. In giram da giram za a gwada, tunda zarrar dalma ta fi nauyi kuma ba su da yawa a giram ɗaya, ninkin ya sauko zuwa wajen biyar. Wannan na yawan kayar da ɗalibai a jarrabawa.

Wani ruɗanin da ya kamata a kauce wa: hoton PET na asibiti ba haihuwar tagwaye ba ne. Can fozitiron daga cikin cibiyar fulorin-18 yake fitowa yayin da take ruɓewa, babu wani babban foton da ya haife shi. Rabin ƙarshen labarin ne kawai suka yi tarayya, wato halaka juna da foton biyu masu 511.

Abin bai kai shekara ɗari da sani ba. Lissafin Dirac na 1928 ne ya buɗe ƙofar samuwar kishiyar ilektiron, Carl Anderson ya ga sawun fozitiron a Amurka a 1932, Blackett da Occhialini suka ɗauki hoton tagwayen suna rabuwa a maganaɗisu a Kambirij ta Ingila a 1933, Bethe da Heitler kuma suka fitar da lissafin yiwuwar a 1934.

Ɗalibar Masta (Barnawa) ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, malamai. Na zuƙo wurin, lallai kai biyu ne, 1588 da 1592, kuma babu komai a 487 ko 1274. Saura 511. Yana fitowa har a ƙidayar fanko, wato in an auna robar da babu komai a ciki. Daga ina yake? Sannan na ga wani jadawali da ke nuna dalma ta fi tare foton mai 10 MeV a kan mai 4 MeV. Kuskuren bugu ne?

Masaniyar Fiziks ta Asibiti (Malali) ta amsa:

Ba kuskure ba ne, 'yar'uwa, kuma a ɗakin gashin ciwon daji wannan ba maganar littafi ba ce, da ita ake zana bango da ƙofa.

Hanyoyi uku ne foton ke mutuwa ko ya kauce a dalma. Shanyewar fotoilektirik, inda zarra ke haɗiye foton gaba ɗaya, tana faɗuwa da sauri in makamashi ya hau. Compton yana raguwa a hankali. Haihuwar tagwaye ita kaɗai ce ke ƙaruwa. In aka tara ukun, jimillar tana sauka har wajen 3 zuwa 4 MeV, sannan ta juya ta fara hawa. Ga kaurin dalmar da ke rage siririn haske zuwa rabi: a 1 MeV kusan santimita 0.86, a 4 MeV 1.45, a 10 MeV 1.23, a 20 MeV 0.98. Ke nan foton mai 3 zuwa 4 MeV ne ya fi kowa ratsa dalma. A ruwa da kankare ba a ganin wannan juyin a makamashin da muke aiki da shi, domin Z ɗinsu ƙarami ne, ratsawar tana ci gaba da ƙaruwa.

Abu biyu ke biyo baya. Na farko, ba a tantance ƙarfin hasken linak, na'urar da ake gashin da ita, da kaurin dalma, domin haske biyu mabambanta za su iya ba da amsa ɗaya, ɗaya a wannan gefen kwarin ɗaya a wancan. A ruwa ake yi, a gwada abin da ya isa zurfin santimita 20 da na santimita 10. Na biyu, a jadawalin da ake zana ɗakunan gashi da shi, kaurin kankaren da ke rage haske zuwa kashi ɗaya cikin goma yana tashi daga wajen santimita 37 a 6 MV (lambar ƙarfin na'urar) zuwa 45 a 18 MV, amma na dalma yana nan a wajen 5.7 a duka biyun.

Wanda ya ga haka zai ce to a lafta dalma a huta. A nan ake yin ɓarna. Tare foton ba shi ne kashe makamashinsa ba. Ilektiron da fozitiron masu MeV da yawa, in suna tsayawa a dalma, suna fitar da sabbin foton na birki, sannan ga 511 guda biyu daga kowane fozitiron. Lambobin da na kawo a sama na siririn haske ne, ba su ƙidaya waɗannan ba. Duk wanda ya zana bango da su kai tsaye zai sami bango mai yoyo. Dole a yi amfani da lambobin haske mai faɗi, a kuma auna bayan gini kafin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya ta ba da lasisi.

Abin da ya fi wannan haɗari ba tagwaye ba ne, maƙwabcinsu ne. Daga wajen 7 zuwa 8 MeV foton na iya fizge niyutiron daga cibiyar dalma ko tangistin ɗin da ke kan na'urar. A 6 MV babu wannan damuwar, amma na'urar da ta wuce 10 MV dole a lissafa mata niyutiron, kuma dalma ba ta tare shi. Shi ya sa ƙofar irin wannan ɗakin ake yi mata hawa-hawa: roba mai sinadarin boron a tsakiya domin ta rage wa niyutiron gudu ta shanye shi, da dalma a bayanta domin gamma ɗin da shanyewar ke fitarwa, 478 keV daga boron da 2.22 MeV daga haidurojin. In aka sa dalma ta ciki kaɗai, robar tana waje, gamma ɗin da aka haifa a robar zai fita kai tsaye zuwa inda ma'aikata ke zaune.

A jikin majiyyaci kuwa kada a zuzuta abin. Lambar da ke jikin na'ura ita ce iyakar sama, matsakaicin makamashin foton ɗin kusan sulusinta ne. Hasken 6 MV yawancinsa a wajen 2 MeV yake, inda Compton ke da kusan komai. Sai a 15 ko 18 MV ne haihuwar tagwaye ke fara nuna bambanci, musamman a ƙashi, da kuma kusa da ƙarfen da aka dasa a ƙugu ko haƙori. Nan ne mai tsara gashi ke neman hanyar da hasken ba zai bi ta ƙarfen ba kafin ya isa ƙarin.

Mai Awon Gamma (Samaru) ya ƙara da cewa:

Ƙanwata, 511 ɗinki gauraye ne na abu uku, shi ya sa ba a lissafa komai da shi.

Na farko daga garkuwar dalmar kanta yake. Foton mai 2614.5 da bai shiga ditekta ba yakan faɗa bangon dalma, ya haifi tagwaye a can. Tagwayen suna mutuwa a dalmar, foton ɗaya mai 511 ya nufi waje, ɗayan ya dawo ciki ya faɗa ditekta. Lura da bambancin: in haihuwar ta faru a cikin ditekta, tsaunukan tserewa ake samu, in a wajenta ta faru, 511 ake samu. Daga 'yan milimitocin farko na bangon yake fitowa, tunda milimita huɗu na dalma suna rage 511 zuwa rabi. Na biyu, taliyom-208 yana da nasa layin a 510.8, wanda babu ditektar da za ta raba shi da 511. Yawansa kusan kwata ne na layin 583.2, don haka za ki iya ƙiyasta rabonsa daga can ki cire. Na uku shi ne wanda kike gani a ƙidayar fanko: hasken da ke zuwa daga sararin samaniya, musamman miyuwon, ƙwaya irin ilektiron amma mai nauyi, yana ratsa rufi da dalma yana tayar da ilektiron, foton da fozitiron a cikin garkuwar. Ƙara kaurin dalma ba ya maganinsa. Santimita goma shi ne abin da aka saba, in aka wuce goma sha biyar ma abin da hasken samaniya ke haifarwa a dalmar yakan cinye ribar. Shimfiɗar kuza da jan ƙarfe da ake yi wa cikin garkuwa domin hasken X na dalma ce, mai 72 zuwa 88 keV, ba ta taɓa 511.

Abu ɗaya da nake so ki gyara kafin ki rubuta rahoto: kin ce da kobalt-60 aka saita ma'auni. Kobalt a 1332.5 ya tsaya, ke kuma kina karanta tsauni a kusan ninkin wannan. Miƙa layin ma'auni har can kan jawo gocewar keV ɗaya zuwa uku, kuma irin wannan gocewar ce ke tura 1592.5 kusa da lantanom. Ki ƙara 1460.8 da 2614.5 na cikin samfurin a matsayin wuraren saitawa, ki sake lissafi. Bayan haka ki duba tazarar 2614.5 da 2103.5, da ta 2103.5 da 1592.5. In kowacce ta zo 511 da bambancin da bai wuce rabin keV ba, ma'auninki ya zauna a saman jadawalin. Gangaren da za ki gani a wajen 2382 kuma bakin Compton ne na wannan layin, kada manhaja ta ba shi suna shi ma.